Yadda Ake Shiga Kasuwar Asabar da Karen da Ya Fi Ka Sanin Mutane

Kai dattijon da 'ya'yanka suka kawo wa kare don su rage zuwa duba ka, matso kusa. Idan ka daɗe kana gaya musu a waya cewa duk ranar Asabar kai da karen kuna takawa har kasuwar manoma, alhali kujerarka ta san ba haka ba ne, yanzu kuma sun ce suna tafe za su raka ka su gani da idonsu, to ka zo wurin da ya dace. Ka bi abin da zan faɗa maka ɗaya bayan ɗaya, ba gardama, ba "ni a ganina". Na ba ka tabbaci za ka ci gaba da kwana a gidanka, a kan gadonka, ba mai ɗaukar ka zuwa gidan tsofaffi. Hanyar nan an gwada ta. An gwada ta a kan maƙwabcina Evert, kuma ga labulensa can yana buɗewa kowace safiya har yau.

Sai ka san Evert kafin ka koyi darasi a kansa. Tun yana saurayi yake tuƙa jirgin dakon yashi a ruwayen nan namu na arewacin Holan, har gashinsa ya yi fari, har matarsa ta rasu ta bar shi da tsohon gida mai matakala a miƙe kamar tsani. A sanyin bara ya zame a matakalar, ya bugu a gwiwa. 'Yarsa guda ɗaya, Marloes, ta taso daga birni da mijinta Joost, suka wuce suka duba ɗaki a gidan tsofaffin da ke bayan tashar jirgin ƙasa kafin ma su tambaye shi yaya jiki. Evert ya ce sai dai a fitar da gawarsa. Likita ya ce in yana tafiya a ƙasa gwiwar za ta yi ƙarfi. Sai Marloes ta dawo da wani baƙin kare mai suna Bikkel, ta danƙa wa uban igiya.

"Baba, magana ɗaya ce. In kana fita da shi, ka zauna a gidanka. In ba ka fita, ɗakin bayan tasha yana nan, sunanka na wurinsu."

Sau ɗaya Evert ya fita da shi. Suna kai kwanar layi karen ya tsuguna ya yi kashi, wata mata a kan keke ta ja birki, ta sauke ƙafa, tana jira ta ga Evert ya kwashe. Evert ya dube ta, ya dubi abin, ya juya gida. Ya ce mutumin da ya riƙe sitiyari a cikin guguwa ba zai ƙare rayuwarsa yana bin kare da leda ba. Tun daga ranar Gonnie ce ke fita da Bikkel, wata mata da ke zaune a benen haya na tsallaken titi, wadda ta yi aikin raba wasiƙu har ta yi ritaya, ƙafafunta ba su koyi zama ba. Ita ke kai shi kasuwa. Evert kuma shi ke ba da labarin kasuwa a waya.

Ana nan sai Marloes ta bugo. "Asabar muna zuwa da yara. Ina so in ga kasuwar nan taka."

Daga nan darasinka ya fara.

Mataki na ɗaya: Tattaro ƙaryarka wuri guda

Zauna ka tuna duk abin da ka taɓa faɗa. Ɗa namiji da rabin kunne yake sauraron ubansa, amma 'ya mace ajiyewa take yi.

Ƙarya mai lafiya ba ta da suna, ba ta da kama. Ka ce "na sayi cuku", ka tsaya nan. Evert bai tsaya ba. Daɗin hira ya ja shi har ya raɗa wa mai cukun suna Harm, ya ba shi tumbi da sanƙo, ya aurar masa da mata mai ciwon baya. Har Marloes ta riƙa cewa a gaida Harm. In kai ma ka riga ka tafka irin wannan wauta, ba ta da gyara. Ka shirya yi wa mutumin ritaya, in kuma ta kama, ka kashe shi.

Mataki na biyu: Kawar da mai shaida

Je ka wurin wadda ke fita da karen, ka lallashe ta kada ku haɗu. Tafi da wani abu a hannu. Girman kai kuwa bar shi a gida, ba za ka sami wurin ajiye shi a can ba.

Ranar Juma'a Evert ya tsallaka titi da kwalin biskit. Gonnie ta karɓa, ta juya bayan kwalin ta karanta ranar lalacewarsa a gaban idonsa.

"Wato in rasa kifina saboda kai ka iya shirya zance?"

"Haba Gonnie, Asabar ɗaya ce."

"Asabar ɗin nake sayen kifi. Kuma ni ba na ƙarya, Evert. In 'yarka ta tambaye ni, zan faɗa mata."

"Ai ba za ta tambaye ki ba in ba ta gan ki ba. Ki je da sassafe, ki dawo kafin mu fito."

"Tsoho da kai, kana wasan ɓuya da 'yar da ka haifa." Ta ciji biskit ɗaya, ta yatsina fuska. "Zan je da wuri. Amma ba don kai ba. Don kada Bikkel ya gan ni ya rikice."

In ka sami irin wannan amsa, ka yi godiya ka fita tun ba ta canja ra'ayi ba.

Mataki na uku: Yi shiga irin ta 'yan kasuwar

Kada ka goge takalmi. Kada ka sa kwat ɗin zuwa coci. Masu zuwa kasuwar nan masu hali ne, shi ya sa suke shiga kamar waɗanda aka koro daga gona. Nemo tsohuwar rigar ruwa, ka rataya jakar yadi wadda ta ga duniya. Mu da muka tashi muna kankare dankali da hannu a cikin ruwan sanyi, burinmu mu ga ranar da za a sayar mana da wankakke. Su kuwa sai sun ga laka a jikin karas suke yarda su biya ninki, su kai gida su wanke suna yabon manomi.

Iyalin suka iso da hantsi. Joost ya fito daga mota da dogon takalmin roba irin na manoma, sabo fil har yana ƙyalli, mutumin da duk gonarsa tukunyar fure ce a taga. Ya daki kafaɗar surukinsa.

"Evert! Ka yi kyau, ka yi kyau. Tafiyar nan ta karɓe ka."

Haka yake kiran sunansa gatsal, kamar tare suka shiga makaranta. Haɗiye. Yau ba ranar koya wa suruki ladabi ba ce. Jikoki biyu suka faɗa kan kare, ba wanda ya gaida kakan sai da uwarsu ta yi magana. Marloes ta sumbaci uban a kumatu, idonta na kan gwiwarsa.

"A mota za mu je, Baba?"

"Mota? Ni da nake takawa kullum?"

Yawwa. Haka ake faɗa, da ɗan fushi a ciki. Sannan ka cije haƙori ka taka. Gwiwar za ta fara yi maka magana tun daga gadar farko, kada ka amsa mata. In numfashi ya ƙare maka, tsaya ka nuna wa yara agwagi a ruwa. Ba a taɓa zargin kakan da ke nuna agwagi ba.

Mataki na huɗu: Sassauta igiya, kare ya ja gaba

Da zarar kun shiga dandalin coci inda ake kafa rumfuna, daina tunani. Ba ka san hanya ba, shi ya sani. Bi shi, amma ka ɗaga kai kamar kai ke ba da umarni.

Ga abin da duk hanyar nan ta dogara a kai: a kasuwar nan ba a kallon fuskar mutum. Idon kowa a ƙasa yake, daidai gwiwa. Sun san sunan kowane kare, da shekarunsa, da abin da ke ɓata masa ciki, amma wanda ke ɗaya bakin igiyar, ko turken fitila ne ba za su lura ba. Akwai waɗanda suka yi shekara da shekaru suna gaisawa a nan ba su san sunan juna ba, kuma ba wanda abin ya taɓa damu.

Haka kuwa aka yi. Mai ƙwai ta leƙo daga bayan kwalayenta: "Bikkel, ɗan gata, yau ka makara!" Mai zuma ya durƙusa ya sosa masa wuya. Mai burodi ya jefo masa ɓawo. Evert na biye, yana gyaɗa kai hagu da dama kamar magajin gari. Ba wanda ya amsa masa, ba kuma wanda ya ƙaryata shi.

Joost ya ce, "Kai, Evert, ashe kowa ya san ku!"

Evert ya ce, "Sabo ne kawai."

Mataki na biyar: Rage magana, yawaita kushe

Baƙo ne ke yabon kaya. Ɗan gida kushewa yake yi. In an miƙo maka ɗanɗano a tsinke, tauna a hankali, ka dubi sama, ka ce na makon jiya ya fi.

Bikkel ya ja su kai tsaye zuwa rumfar cuku, ya zauna. Babu Harm, babu tumbi, babu sanƙo. Wata doguwar mata ce mai gashi har baya, tana yanka da wuƙa mai mariƙi biyu.

"Ga ɗan albarka! Zo ka karɓi rabonka." Ta miƙa wa karen ɓawon cuku.

Marloes ta ce, "Baba, ina Harm?"

"Ya bar aiki. Ciwon bayan matar ne ya yi tsanani."

Mai cuku ta ɗago. "Wane Harm? Rumfar nan daga hannun uwata na karɓe ta."

"Ba wannan ba," in ji Evert. "Ta can ƙarshe, wadda aka tashe ta."

Matar ta dube shi a karon farko, ta ƙanƙance ido, ta sake duban ƙasa. Tambayar ma karen ta yi wa. "Bikkel, an canja maka mai riƙe igiya ne?"

Nan ne ake gane namiji. Kada ka shiga bayani, bayani ne ke kashe maƙaryaci. Evert ya taɓa kansa ya ce, "Hula ce sabuwa."

"Shi ya sa," in ji ta, ta koma yanka.

Ka ga abin da nake gaya maka? Gonnie, mace guntuwa mai tabarau, ta yi wata da watanni tana tsayuwa a gabanta, yau ga ƙato da gemu, hula ta raba gardama. Sai ka nuna yanki babba ka ce a naɗe. Kada ka tambayi kuɗinsa, ɗan gida ya riga ya sani. Biya kawai, ka yi kukanka a gida.

Mataki na shida: Cika bakin kowa

Bakin da ke tauna ba ya tambaya. Saya wa yara wainar nan mai zafi mai narkakken sukari a tsakiya, wadda ke manne haƙora. Kai surukinka wurin mai kifi, ka sa a ba shi ɗanye da yankakkiyar albasa, ya riƙe wutsiya ya ɗaga kai ya zura. Zai shagala da ɗaukar kansa hoto. Ka kashe baki uku ke nan. Saura 'yarka, ita kuwa rage ƙiba take yi, ganyen salak kawai ta saya tana riƙe da shi kamar fure.

Haɗarin wurin nan 'yan'uwanka masu karnuka ne. Wani mutum mai jar riga, da 'yar mitsitsiyar karya a hammata, ya tare su.

"Yaya kunnen? Maganin ya yi aiki?"

Evert har ya buɗe baki zai ce da sauƙi, don rabon da wani ya tambayi lafiyarsa ba da wata manufa ba an daɗe. Sai ya ga inda idon mutumin yake.

"Ya warke."

"Na hagun ne ko na dama?"

"Duka biyun."

"Kash! Ya bazu ke nan. Allah sarki, yaron kirki."

Da mutumin ya wuce, Marloes ta ce, "Ba ka gaya mini yana ciwon kunne ba."

"Ban so in tayar miki da hankali ba."

"Wane likita ka kai shi?"

"Na dabbobi."

Ta yi masa irin kallon da uwarta ke yi masa in ya dawo daga mashaya ya ce aiki ne ya riƙe shi. Amma ba ta da hujja, kuma ga shi a tsaye kan ƙafafunsa, ya zaga rabin kasuwa. Har ta fara laushi. Ta saƙala hannu a nasa ta ce, "Gaskiya, Baba, ban zaci za ka iya nisan nan ba."

In ka ji wannan magana, juya gida nan take. Kada ka ƙara ko rumfa ɗaya. Evert kuwa daɗi ya kwashe shi, ya ce ai ba su ga wajen masu fure ba tukuna.

Mataki na bakwai: Sa leda a aljihu

Wannan ya kamata in faɗa tun farko. Da gangan na bar shi nan, don ka ji zafin rashinsa yadda Evert ya ji.

Karen da ya ci ɓawon burodi, da ɓawon cuku, da fatar kifi, dole abin ya nemi hanya. A tsakiyar dandali, tsakanin mai fure da mai tuffa, inda jama'a suka fi cika, Bikkel ya yi juyi ya tsuguna.

A garin nan kana iya zagin gwamnati da ƙarfi, kana iya fitowa da rigar barci, ba mai ɗaga kai. Amma kashin kare ya taɓa ƙasa, sai ka ga idanu. A lokacin ne suka gane akwai mutum a ɗaya bakin igiyar.

Mai fita da kare na gaskiya, ko aljihun kwat ɗin jana'izarsa ka laluba za ka sami leda. Evert ya laluba na dama, mabuɗi. Ya laluba na hagu, hankici.

"Baba, ina ledarka?"

"Sun ƙare."

Kada ka yi tsammanin wannan zai fisshe ka. Kafin ya rufe baki hannaye sun miƙo masa leda daga ko'ina, koriya, baƙa, har da mai ƙamshin lemo. Joost ya ce, "Bari in yi, ai ba komai." Marloes ta riƙe hannun mijinta.

"A'a. Ai kullum yana yi. Bar shi."

Ka gane? Ba kashin take kallo ba.

Evert ya karɓi ɗaya. Bai ma san a hannu ake zura ta kamar safa ba sai da mai tuffa ya yi masa nuni. Ya sa lafiyayyar gwiwar a ƙasa, ya sauke mai ciwon a hankali a kan duwatsun dandali masu sanyi. Ya kwashe abin da ɗuminsa, ya juya ledar, ya ƙulle. Wata tsohuwa ta ce, "Madalla." Abin da ya rantse ba zai yi ba, ya yi shi a gaban rabin gari.

Saura tashi.

Mataki na takwas: Ko ta halin ƙaƙa, kada ka karɓi hannu

Ya yunƙura, gwiwa ta ƙi. Ya sake yunƙurawa, ta ba shi amsa har cikin ƙwaƙwalwa. Hannu ɗaya igiya, ɗaya leda, ba abin dafawa. Daga inda yake takalman mutane kawai yake gani, da ƙafafun 'yarsa suna matsowa. Ɗakin nan na bayan tasha ya faɗo masa a rai, mai taga da ke kallon wurin ajiye motoci, da miyar da ake kawowa ko kana jin yunwa ko ba ka ji, da yarinyar da za ta riƙa leƙowa tana cewa, "Yau mun yi wanka kuwa?"

"Baba, kawo hannunka."

"Ja baya."

"Baba, ba abin kunya ba ne."

"Na ce ki ja baya, Marloes. Igiyar takalmina nake gyarawa."

Takalmin ba shi da igiya.

Duk da haka daidai ya yi. In ka bari ta ɗaga ka a gaban mutane, magana ta ƙare, sai dai a yi maka ita da murya mai taushi.

Abin da ya tashe shi ba dabararsa ba ce. Gonnie ta je da wuri kamar yadda ta ce, amma ta tsaya shan kofi a rumfar bakin coci, hira ta yi daɗi. Iska ta juya. Bikkel ya ɗaga hanci. Karen nan girmansa ya kai ɗan maraƙi, Evert kuma tsohon matuƙi ne, ya naɗe igiyar a hannu yadda ake ɗaure jirgi a gaɓa. Fizga ɗaya, sai ga dattijo a tsaye. Fizga ta biyu, sai ga shi yana gudu ta tsakanin kwandunan kabeji, leda na lilo, hula ta yi nata wuri.

Joost, da albasa a haɓa, ya ce, "Kin gani? Kin ga yadda ya zabura?"

Suka ci birki a gaban Gonnie. Bikkel ya zube ya ba da ciki, yana kuka yana lasar takalminta, abin da bai taɓa yi wa Evert ba. Ita kuwa hannunta ya riga tunaninta. Ta karɓe igiyar, ta karɓi ledar ta jefa a kwandon shara, ta ɗaga kunnen hagu ta leƙa, ta ce "zauna", ya zauna. Sai ta ɗago ta ga Marloes a tsaye.

"Ke ce ke fita da shi," in ji Marloes.

"Ni ce."

"Tun yaushe?"

"Tun makon farko. Na gaya masa in kin tambaya zan faɗa."

Mutanenmu ba sa ɗaga murya a kasuwa, shi ya sa maganarsu ta fi ciwo. Marloes ta juya wurin ubanta.

"Baba, ranar Litinin za mu je mu ga ɗakin."

"Ai kin ga na tashi."

"Na ga an tashe ka."

Mataki na tara: Yi shiru, kasuwa ta yi shari'a

Kada ka roƙa. Kada ka waiga kana neman mai tsaya maka, ba su san ka ba. Tsaya kawai ka jira wani ya yi tambayar da ta dame su.

Mai cuku ce ta yi ta. Ta baro rumfarta da wuƙa a hannu. "To Bikkel fa?"

"Zai bi shi mana," in ji Marloes.

Gonnie ta girgiza kai. "Gidan tsofaffin ba sa karɓar karen da ya fi ƙarfin cinya. Na raba musu wasiƙu, na san dokarsu."

"To ke ki riƙe shi."

"A saman bene? Mai gidanmu ko kyanwa ba ya yarda."

Idanu suka koma kan Joost. Ya haɗiye kifinsa. "Mu ba mu da fili. Kuma tun safe muke fita aiki. Ba za a kyauta masa ba."

Mai jar riga ya toshe kunnen 'yar karyarsa da tafin hannu, ya yi ƙasa da murya. "Wato gidan ajiye karnuka za a kai shi?"

Sai kasuwa ta kama da wuta. Mai ƙwai ta ce baƙin kare babba ba mai zuwa ya ɗauke shi, can zai ƙare. Mai burodi ya ce shi dai ba za a yi wannan da saninsa ba. Mai zuma ya tako gaba.

"Uwargida, ki yi tunani. Ya saba da gidansa. Ya san ƙofarsa, ya san lungun da yake shan rana, ya san ƙamshin komai. Ki ɗauke shi ki sa a ɗaki cikin baƙi, a riƙa miƙo masa abinci a kan lokaci? Zuciyarsa za ta mutu kafin jikinsa. Ba a yi wa mai rai haka."

"Ba a yi," in ji jama'a.

Jikoki suka ɓarke da kuka, sun rungume wuyan kare. Evert na tsaye a tsakiya, gwiwa na zafi, yana jin maganganun da ya yi ta faɗa tun sanyin bara ba wanda ya saurara. Ga su yau a bakin mai zuma, kowa na gyaɗa kai.

Marloes ta dubi yaranta, ta dubi kasuwa, ta dubi kare. Ta sauke numfashi.

"Shi ke nan. Bikkel zai zauna a gidansa. Kuma dole a sami wani a gidan da zai riƙa buɗe masa ƙofa." Sai a lokacin ta dubi uban. "Amma duk Asabar za ka bi su. Gonnie ta riƙe igiya, kai ka riƙe leda. Gonnie, in ya yi fashi, ki kira ni."

"Ko bai yi ba zan kira," in ji Gonnie.

Aka yi tafi. Mai cuku ta ƙaro wa Bikkel ɓawo. Joost ya ruga ya ɗauko mota, aka ba kare kujerar gaba don an ce baya tana sa shi amai. Evert ya matsu tsakanin jikoki, da ƙullin cuku a cinya da hannaye masu danƙo a rigarsa. Gida dai ake kai shi.

Gargaɗi

Duk abin da ya same ka wajen bin wannan hanya, naka ne kai kaɗai. Gwiwa in ta goce, kafaɗa in ta fita, 'ya in ta daina ɗaukar waya, kada a aiko mini kowa. Ba ni na kawo maka kare ba, ba ni na sa ka ƙarya ba, a ciki na tarar da kai tsamo-tsamo.

Kuma tun kafin ka fara, tashi ka dubi karenka da kyau. In 'ya'yanka masu wayo ne, suka kawo maka ɗan mitsitsi irin wanda ke shiga kwandon keke, to ba shi da ƙarfin tashin ka daga ƙasa, kuma gidan bayan tasha suna karɓar irinsa hannu biyu, har da 'yar katifarsa. In haka ne, ba ni da abin da zan koya maka. Je ka sauko da akwati.